Maganin da ba a haɗiya: Melody Gardot da waƙar gadon jinya

A ƙasar Hausa, in aka ce kiɗa magani ne, abin da ke fara zuwa a rai shi ne maganin gajiya ko na ɓacin rai: gangar da ke sa manomi ya manta da zafin rana a wurin gayya, ko waƙar da mace ke yi a bakin turmi don daka ta yi mata sauƙi. Wannan kowa ya yarda da shi, ba ya bukatar hujja. Amma a ce waƙa ta maido wa mutum maganar da ta ɓace daga bakinsa, ta kuma ɗinke masa tunanin da ya yayyage, wannan zance ne mai nauyi, wanda ya kamata a auna shi kafin a karɓa. Akwai wata mawaƙiyar jaz ƴar ƙasar Amurka, Melody Gardot, wadda tun daga shekarar 2005 take faɗin haka a kan kanta, a gidajen rediyo da jaridu da ɗakunan taro na likitoci. Labarinta ya cancanci a dube shi da idon basira, domin yana nuna abin da kiɗa ke iya yi wa majinyaci, yana kuma nuna inda ikonsa ya tsaya.

An haife ta ranar 2 ga watan Fabrairu na 1985 a jihar New Jersey, ta girma a birnin Filadalfiya, galibi a hannun kakanninta, saboda mahaifiyarta mai ɗaukar hoto ce, aiki na yawan fitar da ita gari. Masu iya magana na cewa suna linzami ne, kuma sunan da aka raɗa mata, a harshen Ingilishi, ma'anarsa karin waƙa. Ta fara koyon piyano tana shekara 9. Da ta kai 16 sai ta soma kaɗa shi a gidajen shaƙatawa na birnin a ƙarshen mako, tana rera waƙoƙin wasu, tana samun na kashewa. Duk da haka ba ta ɗauki kiɗa a matsayin sana'ar rayuwa ba. Karatun zanen tufafi take yi a wata kwalejin birnin, can hankalinta yake.

A watan Nuwamba na 2003, tana da shekara 18, tana tafe bisa keke a titin Filadalfiya, wata mota ta buge ta. Ƙashin ƙugunta ya karye wuri biyu, ta ji rauni a baya, ta kuma bugu a kai. Ta yi kusan shekara guda a kwance rigingine. Da ta fara tashi, sai da ta sake koyon abubuwan da yaro ɗan shekara 5 ke yi ba da tunani ba, kamar tafiya da goge haƙori.

Karayar ƙashi ciwo ne da ido ke gani, mai zuwa dubiya ya san inda zai kalla ya ce sannu. Raunin ƙwaƙwalwa kuwa ɓoye yake, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haske ya zame mata azaba, har ya zamana ba ta iya buɗe ido sosai sai da baƙin tabarau. Ƙara ma haka: abin da wasu ke ji a matsayin hayaniyar yau da kullum, ita sukar ta yake yi. Mantuwa ta kama ta, abin da ta yi da safe ba ta tuna shi da marece, kuma lissafin lokaci ya ruɗe mata. Mafi ciwo shi ne magana. Ta san abin da take son faɗi, amma kalmar ta ƙi zuwa, sai ta daɗe tana lalube kafin ta haɗa jimla ɗaya. Wanda bai taɓa zama kusa da mai irin wannan lalura ba zai yi wuya ya gane irin kaɗaicin da ke cikinta: mutum na nan da hankalinsa, ƴan uwa na kewaye da shi, amma gadar da ke tsakaninsa da su ta karye.

Wani likita daga cikin masu duba ta, da ya ji cewa tana kaɗa piyano kafin hatsarin, sai ya ba ta shawara ta koma ga kiɗa. Zama a gaban piyano ba ya yiwuwa, domin ƙugu da baya ba su yarda ba. Saboda haka ta fara da abin da ya fi komi sauƙi, wato bin karin waƙa a maƙogwaro, baki rufe, ba kalma ko ɗaya. Abin da kunnenta ke iya ɗauka shi ne kiɗa mai laushi, irin bossa nova ta ƙasar Burazil da Stan Getz ya busa. Daga nan ta koyi gitar tana kwance, ta ɗora ta bisa ciki. Sannu a hankali kalmomi suka fara hawa bisa karin, har ta soma tsara waƙoƙin kanta. Da yake ta san gobe za ta manta abin da ta tsara yau, sai ta riƙa ɗaukar muryarta a rakoda. Ke nan faifanta na farko littafin tunatarwa ne na majinyaciya, ba a yi shi don kasuwa ba.

A nan mai karatu na da haƙƙin tambaya: yaya wanda magana ta gagara zai iya waƙa? Likitoci sun daɗe da lura da wannan abin mamaki. A shekarar 1861, a birnin Faris na Faransa, likita Paul Broca ya duba wani majinyaci da ya shafe shekaru ba ya iya furta komi sai gaɓa ɗaya, «tan», alhali yana fahimtar abin da ake gaya masa. Bayan rasuwar mutumin, Broca ya duba ƙwaƙwalwarsa, ya tarar da rauni a gaba ta ɓangaren hagu. Tun daga lokacin aka gane cewa, ga mafi yawan mutane, sarrafa magana ya fi dogara ga ɓangaren hagu. Waƙa kuwa ba ta da mazauni ɗaya. Tana aiki da ɓangarorin biyu, tana taɓa wuraren ji da na motsi da na tunawa da na shauƙi a lokaci guda. Shi ya sa ake samun mai shanyewar ɓarin jiki da ba ya iya neman ruwan sha da baki, amma in aka ɗauko waƙar da ya sani tun yana yaro sai a ji yana bi, kalma bayan kalma.

A kan wannan ne wasu masana uku a birnin Boston, Martin Albert da Robert Sparks da Nancy Helm, suka fito da wata dabara a shekarar 1973. Ana ɗaukar gajeriyar jimla ta yau da kullum, a ɗora ta bisa kari mai sauƙi na amo biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, majinyaci na rerawa tare da mai koya masa, ana buga masa hannun hagu daidai da kowace gaɓa. A hankali ake janye karin, a bar magana tsurarta. A ƙasar Finlan kuma, wani bincike da Teppo Särkämö da abokan aikinsa suka wallafa a 2008 ya bi majinyata 60 da suka samu shanyewar ɓarin jiki. An raba su kashi uku: masu sauraron kiɗan da suka zaɓa da kansu kullum har wata 2, masu sauraron littattafan da aka karanta a faifai, da waɗanda ba a ba su ko ɗaya ba. Masu sauraron kiɗa sun fi sauran samun ci gaba wajen tuna kalmomi da tattara hankali. Haka nan tsohuwar ƴar majalisar Amurka Gabrielle Giffords, da aka harba a kai a birnin Tucson a watan Janairu na 2011, waƙa na cikin hanyoyin da aka bi don maido mata da magana. Duk malamin da ya taɓa jin aji na rera jadawalin ninkawa, ko almajirai na bin karatu da kari, ya san tushen abin: maganar da aka ɗora bisa kari ta fi zama a kai.

Abin lura a duk waɗannan misalai shi ne maimaici. Ba a kunna waƙa sau ɗaya majinyaci ya miƙe. Aiki ne na kullum, mai gundura, na watanni, kamar yadda mai karaya ke motsa ƙafa har jijiya ta saba. Melody Gardot ba sauraro kawai ta yi ba. Yatsunta sun nemi wurinsu a kan tsirkiya, numfashinta ya koyi tsayawa da tafiya, ƙwaƙwalwarta ta riƙe baiti na farko har a kai ga na biyu. In akwai magani a cikin labarinta, to a cikin wannan wahala yake.

Waƙoƙin da ta ɗauka a ɗakin jinya sun fito a 2005 a wani ɗan faifai mai suna Some Lessons: The Bedroom Sessions. Gidan rediyon WXPN na Filadalfiya ya riƙa sa su, jama'a suka fara tambayar wace ce. A 2006 ta fitar da Worrisome Heart, wanda kamfanin Verve, ɗaya daga cikin manyan gidajen faifan jaz, ya sake fitarwa a 2008. Shekara guda bayan haka, a 2009, My One and Only Thrill ya fito, wanda Larry Klein ya shirya, Vince Mendoza ya tsara masa kiɗan goge irin na Turai. Wannan faifai ne ya kai sunanta duniya, musamman Faransa, inda aka karɓe ta hannu biyu. A cikinsa ma akwai waƙar da ta rera da Faransanci, Les Étoiles.

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙira a birnin New Orleans a farkon ƙarni na 20, daga waƙoƙin aiki da na coci da kuma blues, waƙar kukan zuci ta jikokin bayi. Yana da fuskoki da yawa: akwai mai zafi da sauri, na ƙaho da ganga, akwai kuma mai sanyi, wanda shigowar makirufo ta ba dama, domin mawaƙi ya daina bukatar ɗaga murya don na bayan ɗaki ya ji. Billie Holiday da Peggy Lee da Shirley Horn duk sun bi wannan hanya ta biyu. Melody Gardot, wadda farar fata ce, ta shigo gidan da wasu suka gina, ta zauna a wannan ɗaki mai sanyi, kuma lalurarta ce ta kai ta can. Kunnen da ba ya jure ƙara shi ya sa mai ganga ya ajiye sanda ya ɗauki buroshi, ya sa kiɗan ya rage gudu, ya sa murya ta sauko kusa da raɗa, ya bar sarari tsakanin jimla da jimla. Bahaushe ya ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A wajenta jiki ne ya sauya, kiɗa ya bi shi. Abin da masu sauraro suka ɗauka salo ne na gwaninta, asalinsa iyaka ce da ciwo ya shata mata, ita kuma ta zauna cikin iyakar ta ƙawata ta.

Ba ta tsaya nan ba. Faifan The Absence na 2012, da ta yi tare da makaɗin Burazil Heitor Pereira, ya ɗauko amon ƙasashen da ta zaga, irin su Fotugal da Maroko da Burazil. A 2015, cikin Currency of Man, ta juya ga matsalolin ƙasarta, talauci da wariyar launin fata. Waƙar Preacherman ta tuna da Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 da aka kashe a jihar Misisipi a 1955. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe gidajen kiɗa, makaɗa suka rasa abin yi, ta yi kira ga masu kaɗa goge da sauran kayan kiɗa na ƙasashe dabam-dabam, kowa ya ɗauki nasa ɓangare a gidansa ya aiko. Aka biya su ladan aikinsu, aka haɗa waƙar From Paris with Love, ita kuma ta bar kuɗin da waƙar za ta kawo mata ga wata ƙungiyar Faransa mai tallafa wa ma'aikatan jinya. A 2022 ta fitar da Entre eux deux, murya da piyano kawai, ita da Philippe Powell, ɗan shahararren makaɗin gitar na Burazil Baden Powell. A tsawon waɗannan shekaru ta riƙa ziyartar asibitoci da jami'o'i tana bayani kan jinya da kiɗa, har wani shirin irin wannan jinya a New Jersey ya ɗauki sunanta a 2012.

To, shin kiɗa ya warkar da ita? Hausa na da kalmomi biyu da ke raba wannan gardama: warkewa da sauƙi. In an je dubiya, «ya jiki?» ake cewa, amsa kuma ita ce «da sauƙi», ko da mai amsawa na cije haƙori. Melody Gardot ta shafe shekaru tana hawa dandamali da sandar dogarawa a hannu da baƙin tabarau a ido, a farkon shahararta ma har da wata ƴar na'ura a ƙugu mai aika ɗan lantarki cikin jiki don rage zafi. Kiɗa bai ɗora mata ƙashi ba, likitoci da lokaci suka yi wannan. Bai kuma kashe mata zafin haske ba. Abin da ya yi mata shi ne ya ba ƙwaƙwalwarta aikin da za ta sake gina hanyoyinta a kansa, ya ba ranakunta tsari a lokacin da safiya da marece suka cakuɗe mata, ya kuma ba ta abin da za ta zama in ban da majinyaciya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma sunansa sauƙi.

Ya kamata kuma a yi hattara da daɗin labarin. Kasuwar faifai na son irin wannan tarihi, yarinya ta faɗi ta tashi ta zama tauraruwa, kuma da wuya a rubuta wani abu a kanta ba a fara da motar da ta buge ta ba. Mai sauraro na iya zarcewa ya ce wani hani ga Allah baiwa ne, da ba don hatsarin ba da ba a san ta ba. Wannan magana mai lafiya ne ke iya faɗinta cikin sauƙi. Mutane da yawa mota ta buge, ba su tashi da murya ba. Ita ta shiga jinya da shekara 9 na sanin piyano a yatsunta, ta samu asibiti, ta samu likitan da ya tambaye ta abin da take yi kafin ta kwanta. Kuma ba wanda zai iya rarrabe, a jikin mutum ɗaya, rabon kiɗa da rabon ƙuruciya da rabon sauran jinyar da aka yi mata. Shaidarta gaskiya ce a kan kanta. Abin da ya ba ta nauyi ga sauran jama'a shi ne ta dace da abin da bincike ya gano a kan wasu.

Haɗa kiɗa da jinya ba baƙon abu ba ne a ko'ina. Asibitin da Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na biyu ya gina a birnin Edirne a 1488 ya shahara da yi wa masu taɓin hankali jinya da kiɗa da ƙarar ruwa. A Amurka, sana'ar ta kafu ne a zamanin yaƙin duniya na biyu, lokacin da aka ga yadda sojojin da suka dawo da rauni ke amsa wa makaɗa masu ziyartar su. An buɗe karatun fannin a jami'ar jihar Michigan a 1944, aka kafa ƙungiyar masu aikin a 1950. A Maraɗi da kewayenta kuwa, an daɗe da sanin goge da garaya da ƙwarya a wajen girkar bori. Sai dai tushen ya bambanta: ƴan bori na cewa kiɗa kiran iskoki yake yi, abin da malamai suka daɗe suna ƙi, alhali jinyar da ake magana a kanta a nan ba ta kiran kowa, jijiya da ƙwaƙwalwa kawai take horarwa, kamar yadda ake horar da ƙafar da ta sandare.

Wannan bambanci na da amfani, domin masu irin lalurar Melody Gardot ba a Filadalfiya kaɗai suke ba. A Damagaram da Tawa da Yamai, akwai saurayin da ya faɗo daga kabu-kabu ba hular kwano a kansa, raunin ya rufe, aka ce ya warke, amma tun daga ranar ya zama mai mantuwa da saurin fushi, ba ya son hayaniya. Akwai dattijuwar da hawan jini ya shanye wa ɓarin dama, magana ta ɗauke, aka shimfiɗa mata tabarma a ƙuryar ɗaki. Ƴan uwa na ƙaunar su, ana cika ɗaki da dubiya, ana ɗaga murya kamar kurame ne, sa'an nan a fita a bar su da shiru. Masu koyar da magana ga irin waɗannan majinyata ƙalilan ne, kuma ba kowane gida ke iya kai wa gare su ba. Amma kowane gida na da wanda ya san waƙar da tsohuwa ke yi tana niƙa, ko waƙen bege da take bi, ko karatun da ta haddace da kari tun tana yarinya. Zama kusa da ita a lokacin da gida ya yi tsit, a ɗauko abin da ta sani da murya ƙasa-ƙasa, a riƙe mata hannun da ke da lafiya ana bugawa a hankali, a tsaya a bar mata gurbin kalmar ƙarshe ko za ta cika, a daina in ta gaji, a dawo gobe: wannan ba ya cin ko dala, ba ya kuma hana shan maganin hawan jini ko komawa wurin likita ranar da ya sa.

Ba kowa zai amsa ba, kuma wanda ya amsa ba lalle ne maganarsa ta dawo yadda take da ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana, sai dai a daɗe ba a je ba. Likitan Melody Gardot bai yi mata alkawarin dandamalin Olympia na Faris ba, inda daga baya ta yi waƙa gaban dubban mutane. Tambayar ta kawai ya yi abin da ta iya kafin ta kwanta, ya ce ta koma gare shi. Tambaya ce da duk mai jinyar wani zai iya yi.